BMW E36 mai ƙofa biyu da injin 2.8: abin da na samu bayan ta fito daga gareji

Duk wanda ya tsayar da ni a kan motar nan da inji yake farawa: doki nawa ne, gudun nawa take yi. Zan faɗi ƙarfin injin, amma kuɗin inji bai kai rabin abin da na kashe ba, kuma ba shi ne ya sauya motar ba.

BMW ce samfurin E36 mai ƙofa biyu, 320i, giyar hannu, 'yar Kwatano da ta sha hannu kafin ta iso gare ni. Jerin E36 ya fara fitowa a 1990, mai ƙofa biyun ta biyo baya a 1992. Dalilin da ya sa masu wasan mota daga Abuja har Ingila suke rububinta ba ɓoyayye ba ne. Inji a gaba, ja a tayoyin baya, nauyinta ya rabu kusan daidai tsakanin gaba da baya, sannan kayan 'yan uwanta suna shiga jikinta ba sai an yi ta yanka da walda ba. Na zaɓi 320i ne don dama silinda shida gare ta, saboda haka mazaunin injinta ɗaya ne da na yayarta 328i. Injinta na asali doki 150 ne. Wanda aka ɗora mata, M52B28, lita 2.8 ne, doki 193.

A wurin sayen injin ne ya kamata mutum ya natsu. M52 na Turai da aka ƙera kafin 1998 gangar jikinsa alminiyam ce, kuma cikin silinda an shafe shi da wani sinadari mai suna Nikasil. Sinadarin nan ba ya shiri da fetur mai yawan sulfa, yana cinye shi a hankali har inji ya rasa matsi, ya riƙa wahalar tashi da safe. An ga haka a Ingila tun a shekarun 1990, mu kuma mun daɗe muna shan fetur mai sulfa da yawa. Na E36 ɗin Amurka gangarsa ƙarfe ce. Ya fi nauyi, amma ya fi jure zafi, domin na alminiyam idan ya taɓa tafasa sau da yawa zaren kusoshin kan inji yake sakewa. Na ƙarfen na nema. Na zaga kasuwar Kofar Ruwa a Kano ban samu wanda ya kwanta mini ba, sai daga kasuwar kayan mota ta Ladipo a Legas aka turo shi, kuma ban cika kuɗin ba sai da aka auna matsin silinda shidan ɗaya bayan ɗaya a gabana. Duk mai sayar da injin da ya ƙi a auna, yana cewa "ɗan Beljiyam ne, ba a taɓa buɗe shi ba", a bar masa kayansa.

Kada a sayi inji tsirara. Daga 1995 motocin nan suna da na'urar hana sata da ake kira EWS, wadda sai ta gane 'yar na'urar da ke cikin makulli kafin ƙwaƙwalwar mota ta ba da wuta. A haɗo da wayarin, da ƙwaƙwalwar, da akwatin EWS, da makullin, duk daga mota ɗaya. Mai wayarin garejin da ya yi mini aiki ya san wannan, a rana ɗaya ya tayar da ita. A nan ba ni da ƙorafi ko kaɗan.

Inda muka yi ja-in-ja da maigidan garejin shi ne wurin ruwa. Ya ɗauko tamostat a hannu ya ce, "Alhaji, wannan na ƙasar sanyi ne. Mu a nan cire shi muke yi."

Na ce, "Oga, a wannan motar dai a bar mini shi."

Ba shi kaɗai ba ne, kusan duk garejin da ka shiga haka za a gaya maka, kuma da kyakkyawar niyya. Sai dai a wannan injin tamostat aiki biyu yake yi. Idan zafi ya kai kusan digiri 90 yana buɗe hanyar lagireto, a lokaci guda kuma yana rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma cikin inji. In an cire shi, wani ruwan zai yi ta kewaya inji bai taɓa leƙa lagireto ba. Da safe kuma inji ba zai yi ɗumi da wuri ba, ƙwaƙwalwa za ta ɗauka har yanzu sanyi ake yi, ta yi ta ƙara mai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 ban san wanda yake da man da zai yi kyauta ba.

Abin da ke sa motocin nan tafasa roba ce da ta shekara kusan talatin tana shan zafi. Wuyan lagireto roba, gidan tamostat roba, fukafukin famfon ruwa ma a tsofaffin roba ne. Gaba ɗaya aka sauya su kafin a ɗora injin, tare da tiyo-tiyo da kulocin fanka. Ranar zuba ruwa na tsaya a kansu. An ɗaga gaban motar da jak, aka murɗa hita zuwa ƙarshen zafi, yaron gareji yana tsiyaya ruwa kaɗan-kaɗan, ɗan ƙaramin sukurun da ke kusa da murfin lagireto a sake, yana ta tofar da kumfa. Sai da kumfar ta ƙare ruwa ya fito zalla aka ɗaure shi, da yatsa biyu kawai, don shi ma roba ne, in aka matsa sai ya tsinke. Ruwan sanyaya inji na gaske aka zuba, ba na rijiya ba. Ta shiga zafin watan Afrilu a cunkoson Kano da rana tsaka, ga na'urar sanyaya ciki a kunne, allurar zafi ba ta gota tsakiya ba. Na'urar sanyin nan wasu cire ta suke yi wai don rage nauyi. Su dai suka sani.

Da aka fara fita da ita, ƙarfin ya zo, amma bayanta rawa yake yi. Ka taka totur ta karkata gefe guda, ka ɗaga ƙafa ta dawo ɗaya gefen. Kamar an ɗora wa jaki kayan raƙumi. Bushin ɗin hannayen baya ne suka mutu, waɗanda ke riƙe tayar baya a miƙe. Da aka sauke su robar ta rabu da ƙarfen, da hannu ma ana jujjuya ta. Aka buɗe but aka yaye kafet, sai ga tsaga siririya a ƙarfen da kan shokozoba ke zama. Mai walda ya ɗinke ta, ya ƙara faranti a sama, ya kuma duba inda hannayen baya da gadon aksil suke kama jikin mota, wuraren da E36 ta saba tsagewa idan aka ƙara mata ƙarfi. Wannan aikin ba wanda zai gan shi, ba ya ƙara, ba ya sheƙi. Amma ranar da ta fito da sababbin bushin gaba da baya, ranar na ji na sayi wata motar. Inda ka nuna mata nan take bi.

Birki kuwa na gaban 330i ta jerin E46, wanda ya gaji E36, aka sa, faifan milimita 325. Yana zama daidai ba gyara, sharaɗin kawai rim ya zama inci 17. Na gamsu da shi ƙwarai. Rak ɗin sitiyari ma na E46 ne, mai alamar shunayya, ya rage yawan juyin hannu a kwana. Giyabos ZF mai giya biyar na 328i ne, ba abin da zan ce a kansa sai alheri.

Abu biyu ne ban ji daɗinsu ba. Na farko shokozoba mai zare, irin wanda ake ɗaga mota ko a sauke ta da shi. Mai arha aka kawo, kuma araha ba ta ado. A gareji suka sauke ta ƙasa sosai don ta yi kyau a hoto, ta kuwa yi. Amma tudun rage gudu na farko a unguwarmu ya gaisa da cikinta, kaskon baƙin mai kuma alminiyam ne, ba ya lanƙwasa, fashewa yake yi. Na sa aka ɗaga ta, mai walda ya yi mata faranti a ƙarƙashin inji. Duk da haka taurinsa ya yi yawa. A titi mai santsi daɗi, a titi mai gargada sai taya ta riƙa tsalle, tayar da ke sama kuma ba ta riƙe komai. Wanda zai bi hanyoyinmu kullum gara ya nemi shokozoba mai kyau da sifirin da ya ɗan sauko kaɗan.

Na biyu bututun shaƙar iska na tsohon injin M50, wanda duk mai E36 zai ce maka ka sa. Gaskiya ne ramukansa sun fi faɗi, kuma idan allurar juyin inji ta haura 5,000 injin yana buɗewa da wani irin kuka mai daɗin ji. Amma a tsakiya, inda mutum ke tuƙi daga gida zuwa kasuwa, ya ɗan rage mata ja. Ga kuma ƙananan tiyo da sai an yi musu dabara kafin su zauna, ɗaya ya yi ta zuƙar iska har silo ya riƙa hawa da sauka. In filin wasa za ka da ita, sa shi. In cikin gari ne, kuɗin ya fi amfani a taya.

Garejin kansa aikinsu mai kyau ne, alƙawarinsu ne ba ya tsayuwa. "Gobe in sha Allahu" ta yi ta maimaituwa har damina ta shigo ta fita. Sai dai ba su taɓa musanya mini kaya ba, duk abin da aka cire sai an ajiye mini shi a kwali na gani da idona. Wannan ya sa zan koma. Rasit ɗin inji mai ɗauke da lambarsa ma su suka tuna mini in karɓa, yana nan cikin takardun mota saboda masu binciken hanya.

Mai tana sha, ba ta kai yadda ake tsoratarwa ba idan ƙafa ta natsu, amma motar ba ta barin ƙafa ta natsu. Wanda mota ɗaya gare shi, da ita zai kai yara makaranta, ba tasa ba ce. Ƙofa biyu ce, bayan a matse yake, kuma wani kayan sai an jira shi daga Legas.

Saura aksil ɗin baya. Yanzu na 325i ne a ciki, babban mai milimita 188, lissafin giyarsa 3.15, ya fi 2.93 na 328i saurin tashi. Amma buɗaɗɗe ne, in aka matsa mata a kwana tayar ciki ce kawai ke juyawa a banza. Maigidan gareji ya ce a yi masa walda a huta, yadda yaran wasan mota suke yi. Na ƙi, domin aksil mai walda yana cin taya, kuma ranar da aka yi ruwan sama motar ba ta jin magana. Wanda nake nema shi ne mai kulle kansa, ana gane shi da harafin S a gaban lambar da ke jikin ɗan ƙarfen da aka maƙala masa, S3.15. Na bar sallahu a kasuwannin Panteka a Kaduna da Apo a Abuja, duk wanda ya ci karo da shi ya yi mini magana.