Taushi a hannu daban, daɗi a dungu daban: sharhina kan lainar ƙafar roba

Ranar da aka fara miƙo mini laina, na jujjuya ta a hannu na ce wa mai haɗa ƙafar, "Malam, wannan ai safa ce." Ya yi dariya ya ce, "Safa ce, amma ita za ta ce ka tashi ko ka zauna." Na ɗauka zuzutawa ce irin ta masu sana'a. A lokacin hankalina duk yana kan ƙafar kanta, ƙarfenta da tafin nan mai lanƙwasa. Yau shekara shida ke nan da yanke mini ƙafar hagu a ƙasan gwiwa, kuma tafin bai taɓa hana ni barci ba. Amma duk ranar da na jingine ƙafar a bango na koma sanda, in aka bi diddigi, a wurin laina ake samun dalilin.

Ga wanda bai taɓa gani ba, laina wata safa ce ta roba mai kauri da ake naɗawa a kan dungu kafin a zura shi cikin soket, wato kofin nan mai tauri da ke ɗauke da ƙafar. Cikinta roba ce mai kama fata, bayanta kuma yawanci yadi ne don ta zame cikin soket ba gardama. Aikinta biyu: ta shiga tsakanin ƙashi da abu mai tauri, kuma ta riƙe ƙafar kada ta suɓuce in ka ɗaga ta. Kafin zuwanta, safar ulu da soso mai tauri ake sawa, a ɗaure da maɗauri a saman gwiwa. Wani mai haɗa ƙafa ɗan ƙasar Aislan, Össur Kristinsson, wanda shi kansa ya yi rayuwa da ƙafar roba, shi ya fito da lainar silikon da ake naɗawa, mai suna Iceross, a 1986. Lainar foliyuretan ma, wata irin roba daban, wani Ba'amurke ne mai ƙafar roba, Carl Caspers, ya yi suna da ita. Ban yi mamaki ba. Wanda ya san inda takalmi ke matsa shi ne wanda ya sa shi.

Ta farko da na sa silikon ce, kaurinta milimita 3, da ƙusa a ƙasanta. Ƙusar na da tsaga-tsaga, in ka taka cikin soket sai ta shige makulli, ka ji ƙas, ƙas, ƙas. Ga sabon shiga babu abin da ya kai wannan ƙarar kwantar da hankali. Kunnenka ya shaida ƙafa ta kama, ba za ta bar ka a tsakiyar titi ba. Cirewa ma maɓalli ɗaya ne za ka danna. Har ƙirgawa nake yi: in na ji ƙas shida, dungun ya zauna daidai, in huɗu na ji, ya kumbura, in kuwa ta shige zuruf ba ƙara, to ya motse, sai an ƙara safa. Safar nan da ake sawa a kan laina kala-kala ce, gwargwadon kauri akwai mai zare 1, mai 3 da mai 5, kuma dungu ba ya yini da girma ɗaya. Da safe a cike yake, kafin yamma ya sauka.

Silikon na da ƙarko, wannan ba musu. Na yi kusan shekara da guda biyu ina musanya su, ba wadda ta yage. Wankinta ba wuya, ba ta riƙe datti. Sai dai tana da ɗan tauri, ni kuma dunguna ƙashi ne zalla. Bakin ƙashin ƙwauri a fili yake, fata ce kawai a kansa, ga tabon ɗinki ya bi ta nan. Mutum mai dungu cike da tsoka, silikon na tattara masa naman ta riƙe shi tsaf. Ni kuwa babu naman da za ta tattara.

Babbar matsalar ma ba taurin ba ce, ƙusar ce. Duk nauyin ƙafar a wuri ɗaya yake rataye, a can ƙarshen dungu. Kowane taku, in ka ɗaga ƙafa, lainar na miƙewa ta ja ƙarshen ƙasa, kamar ana tatsar sa. Wata rana da dare na cire na ga ƙarshen ya yi duhu, ya kumbura kamar an yi ƙaho a wurin. Na tsorata. Mai haɗa ƙafar ya duba, ya ce in naɗa lainar a gabansa. Na juya cikinta waje rabi da rabi, na ja ta kamar safa. Ya girgiza kai. Ya karɓa ya juye ta gaba ɗaya har gindinta ya fito fili kamar faranti, ya manna shi a ƙarshen dungun ba ko ɗigon iska a tsakani, ya saita ƙusar ta miƙe da ƙashi, sannan ya mirgina ta sama da tafin hannu. Ashe ɗan sararin iskar da nake bari ne ke tsotsar fatar. Laifina ne rabi. Ɗaya rabin kuma na ƙirar ne, domin ko da na gyara, jan bai daina ba, raguwa kawai ya yi. Daga baya na gane akwai lainar da ake saƙa wa zare marar miƙewa a ƙasanta don rage wannan jan, wadda na fara da ita ba ta da isasshe.

A nan na yi kuskuren da nake so mai karatu ya kauce masa. Na ga wani a ɗakin jira yana riƙe da lainar jel mai kaurin milimita 9. Na roƙe shi na taɓa. Laushi kamar me! Na matsa ta da yatsa, yatsan ya nutse. Nan take na ce wannan ce maganin ƙashina. Mutumin, dattijo ne da ya daɗe da ƙafar roba, ya ce, "Ɗana, a hannu kake jin ta, ba a hannu za ka sa ta ba." Na ji, ban saurara ba. Na matsa wa mai haɗa ƙafar lamba har ya yarda, kuma da yake kaurin ya canja, dole aka sake sabon soket. Wannan ma a sani: laina da soket tare ake auna su, ba a sauya ɗaya a bar ɗaya.

Jel ɗin da ake kira TPE roba ce da aka haɗa da man ma'adini, shi ya sa take da laushi, kuma fata na son ta. Gaskiya makon farko na yi ta murna. Bakin ƙashin ya huta, tabon ya daina tsagewa, busasshiyar fatar ta yi sumul. Sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Tana da nauyi. In na zauna na lanƙwasa gwiwa, duk kaurin nan sai ya tattaru a bayan gwiwa ya yi ƙulli, ya matse ni har in miƙe ƙafar dole. Zaman mota na awa ɗaya ya zama azaba. Durƙuso kuwa sai da dabara. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne na daina jin ƙasa. Da silikon siririya, in na taka tsakuwa ko gangara, dungun na sanar da ni. Da wannan, kamar a kan katifa nake tafiya, ƙafar na ɗan juyawa a jikina in na yi kwana, sai na koma kallon ƙasa kamar mai neman allura. Kuma jel na gudun inda ake danna shi. Bayan wata biyar na ɗaga lainar a hasken taga, sai na ga daidai bakin ƙashin, inda na fi buƙatar kauri, ya siranta har haske na ratsawa. Gefe da gefe kuwa, inda ba na buƙata, yana nan da kaurinsa.

Wadda ta zauna mini a ƙarshe ba ta burge ni a hannu ba ko kaɗan. Jel ce ita ma, amma kaurinta ba ɗaya ba ne: milimita 6 a gaba inda ƙashi yake, 3 a baya inda gwiwa ke naɗewa, kuma an ƙera ta da ɗan lanƙwasa tun daga masana'anta, yadda ba ta jan ƙoƙon gwiwa in na zauna. Ba ta da ƙusa. Gindinta a shafe yake, ana riƙe ƙafar da wata safar roba ta daban da ke rufe bakin soket ta hau cinya, ga ɗan bawul a ƙasa da ke fitar da iska ba ya barin ta dawo. Nauyin ƙafar sai ya bazu a kan dungun duka. Duhun nan na ƙarshe ya washe cikin makonni. Dabarar tana cikin ƙira, ba a yawan jel ba. Babban aibinta, safar gwiwar nan ba ta da ƙarko. Ka durƙusa a kan abu mai kaifi, ko bakin soket ya cinye ta, huji ɗaya kamar na allura ya isa iska ta shiga, ka ji ƙafa na lilo. Kuma ga ƙarin roba a cinya, ga ƙarin zafi.

Na ɗan gwada mai zobe, wato silikon da aka yi wa zoben roba a jikinta, wanda ke manne wa bangon soket ya toshe iska, ba ƙusa ba safar gwiwa. Gwiwa na samun 'yanci sosai, na ji daɗin hawa matakala da ita. Amma tana son dungu mai ɗan tsawo wanda girmansa ya tsaya, nawa kuwa gajere ne mai sauyawa, da yamma sai zoben ya saki. Na mayar. Foliyuretan kuma halinta shi ne kwarara daga inda matsi ya yi yawa zuwa inda ya yi kaɗan, ta dawo daidai in an cire, don haka ake yaba ta ga dungu mai tabo da ƙashi, kuma ta fi aiki da soket mai famfon zuƙe iska.

Yanzu ga abin da babu wadda ta ci jarrabawarsa a cikinsu: gumi. Silikon da jel da foliyuretan duk ba sa barin zafi ya fita, ba sa barin ruwa ya wuce. Ka rufe fata ruf na awa goma sha biyu, me kake tsammani? A ranar zafi, in na yi tafiyar rabin awa, nakan tsaya in cire, in karkata lainar, ruwa ya zuba tsiyaya kamar daga kofi. Ba ƙazanta kaɗai ba ce. In gumi ya shiga tsakani, kamun da roba ke yi wa fata ya tafi, dungu ya fara sulɓi sama da ƙasa, daga nan sai bororo. Sau ɗaya lainar ta zame gaba ɗaya ina saukowa daga mota, ƙafar ta tsaya, ni na wuce. Allah ya kiyaye, hannu kawai na kurje. Tun daga ranar ƙaramin tawul ba ya barin jakata, kuma tsakar rana sai na cire na goge, ko ina nake. Likitan fata ya rubuta mini maganin hana gumi da ake shafawa da dare, ya taimaka, ko da yake in fata na da rauni yana da raɗaɗi. Na kuma gwada laina mai ƙananan huji da ake hudawa da hasken leza don gumin ya tsallaka waje. Fatar ta fi bushewa, ba ƙarya. Amma gumin ba ɓacewa yake yi ba, cikin soket yake komawa, kuma hujojin na son wanki na haƙuri, in ka yi ha'inci wari zai tona maka asiri.

Maganar wanki, na daɗe ina zargin lainar da sa mini ƙuraje da ƙaiƙayi a daidai bakinta na sama, har na yanke cewa jikina ba ya son robar. Ashe sabulu mai turare nake wanke ta da shi, ba na ɗaurayewa sosai, ragowar ta kwana a ciki ta yini a kan fata. Da na koma sabulu marar ƙamshi, ina ɗaurayewa har sau uku, ƙurajen suka mutu. Ana wanke ta kullum da dare, a juye cikin waje a wanke, sannan a mayar da yadin waje kafin a shanya, domin in ta bushe a juye robar na tsattsagewa. Ba a sa ta a rana. Shi ya sa guda biyu dole ne, ɗaya a jiki ɗaya na hutawa. Aske gashin dungu ma na daina, don gashin da ke tsirowa a ƙarƙashin roba komawa yake cikin fata ya zama maruru.

Girman laina da awo ake fitar da shi, ana zagaya dungu da tef kamar santimita 4 daga ƙarshensa. Dungu kuwa na ci gaba da motsewa, musamman a shekarar farko, don haka lambar bara ba lallai ta zama ta bana ba. Ni na sauka lamba biyu ban ankara ba, ina ta ƙara safa har zare goma, ina zargin soket. Yanzu duk wata shida nakan sa a sake awo, in kuma ɗaga lainar a hasken taga in duba daidai bakin ƙashi. Ta yanzu ta shiga wata na bakwai, hasken ya fara ɗan ratsawa, na riga na yi wa mai haɗa ƙafar waya.