Yadda na yi amfani da shafin UNV wajen neman aikin sa-kai a ƙasar waje

Da na kammala jami'a, burina shi ne in yi shekara guda ko biyu a wata ƙasa ina aikin raya al'umma, musamman ɓangaren tsaftataccen ruwan sha, wanda a kansa na yi binciken kammala karatuna. Na ɗauka tunda kyauta zan ba da ƙarfina da lokacina, ko'ina na ƙwanƙwasa za a buɗe mini. Ashe ba haka abin yake ba.

Ƙofofin da suka fi suna ba na kowa ba ne. Peace Corps, hukumar 'yan sa-kai ta gwamnatin Amurka wadda aka kafa a 1961 zamanin Shugaba Kennedy, 'yan Amurka kaɗai take ɗauka, su yi wata uku na horo da shekara biyu a bakin aiki. Shirin sa-kai na JICA, hukumar Japan mai tallafa wa ƙasashe masu tasowa, na 'yan Japan ne. VSO, ƙungiyar 'yan sa-kai ta Birtaniya da ta faro tun 1958, tana ɗaukar mutane daga ƙasashe da dama, amma ta fi neman malamai da ma'aikatan lafiya da suka riga suka goge. Akwai kuma kamfanonin da kai za ka biya su kuɗi su kai ka gidan marayu na mako biyu ko uku. Na yi magana da wani daga cikinsu, ina tambayar aikin da zan yi suna tambayar ranar da zan tura kuɗin ajiye gurbi. A nan muka rabu, don yaran da ake musanya musu masu kula duk bayan mako biyu ban ga ribar da suke ci ba.

Daga nan na faɗa shafin UNV, wato shirin 'yan sa-kai na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda aka kafa a 1970, hedikwatarsa kuma tana Bonn a Jamus. Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne mai nema ba ya biyan ko sisi, daga rajista har tafiya. Wanda aka ɗauka ana biya masa kuɗin jirgi, a yi masa inshorar lafiya, a ba shi kuɗin kama gida da alawus na wata-wata. Ba albashi ba ne, kuma su ma ba sa kiran sa albashi, amma yana riƙe mutum ba tare da ya waiwayi iyayensa ba.

Cike bayanai ya ci mini kwana biyu: karatu, harsuna, aikin da aka taɓa yi da ranakunsa, takardun shaida. Kowane gurbi yana da takardar bayanin aiki da ke faɗin hukumar da za ka yi wa aiki, garin, tsawon lokaci, har da yanayin rayuwa da tsaro a wurin. Wannan takarda ita ce abin da na fi yaba musu, domin ba ta yi wa wuri kwalliya. In babu wutar lantarki sosai ko ba a zuwa da iyali, za ka gani a rubuce.

Kuskuren da na yi a watannin farko nawa ne. Ina neman duk gurbin da ya burge ni ba tare da na karanta sharuɗɗan da kyau ba. Wasu guraben matasa gwamnatocin wasu ƙasashe ne ke ɗaukar nauyinsu domin 'yan ƙasarsu, na ƙwararru kuma suna buƙatar shekarun gogewar da sabon ɗan digiri ba shi da su. Harshe ma babban ma'auni ne: mai Faransanci ko Sifaniyanci a kan Turancinsa ya fi ni zaɓi nesa ba kusa ba.

Abin da ya sauya mini lissafi shi ne ɓangaren sa-kai ta intanet da ke cikin shafin. Daga ɗakina na yi wa wata ƙaramar ƙungiya aikin tsara bayanan rijiyoyin burtsatse, aka ba ni takardar shaida. Na haɗa da shekara guda ina aiki da wata ƙungiya a gida, ina koyon Faransanci da dare. Da na dawo neman, sai na taƙaita ga guraben ruwa da tsafta kawai. An kira ni tattaunawa ta bidiyo, kuma kusan duk tambayoyin a kan abin da na taɓa yi da hannuna ne: wace matsala na tarar, me na yi, yaya ta ƙare.

Yanzu wata na bakwai ke nan a bakin aiki. Mafi yawan ranakuna a ofis nake, ina haɗa rahoto da bibiyar alƙaluma, fita ƙauyuka kuwa sai jefi-jefi. Abokan aikina 'yan ƙasar sun fi ni sanin aikin, daga wurinsu nake koyo. Kwantiragina na shekara guda ne, kuma na riga na shaida wa shugabata cewa ina so a sabunta.