Sandar Torpey Bambú a gasar hurling ta larduna: gora za ta iya maye gurbin ash?

Hurling wasa ne na ƙasar Ireland da ake buga ƙaramin ƙwallo da sanda mai faɗin kai. Gasarsa ta kulob-kulob ta matsakaicin mataki a lardunan ƙasar tana zuwa ne a ƙarshen shekara. Kulob ya ci kofin gundumarsa a wajajen Oktoba, ya shiga gasar Munster ko Leinster, Connacht ko Ulster a Nuwamba, kuma duk wanda aka doke ya koma gida. Wanda ya tsallake duka shi ne zai kai wasan ƙarshe na ƙasa a filin wasa na Croke Park da ke Dublin cikin Janairu, kamar yadda Thomastown ta Kilkenny ta doke Castlelyons ta Cork a 2024. Minti 60 ake yi, a filin da ruwa ya jiƙe, ciyawa ta kwanta, ƙwallo ya yi nauyi. A irin wannan yanayi ne ya kamata a auna sanda, domin 'yan wasan ba albashi suke karɓa ba, kuma sanda ɗaya ba ta isar mutum kaka guda.

Kamfanin Torpey da ke kusa da Sixmilebridge a gundumar Clare ya fito da Bambú, sandar hurling da aka yi da gora, a 2020. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Sandar gargajiya daga gindin itacen ash (wata bishiya da ke fitowa a Turai) ake yanko ta, daidai inda jijiyar itacen ta lanƙwasa ta nufi saiwa, kuma sai bishiya ta yi shekara 25 zuwa 30 kafin ta isa yanka. Tun da aka tabbatar da cutar da ke busar da ash a gundumar Leitrim a 2012, katako mai kyau ya fara wahalar samu. Ita gora cikin 'yan shekaru take nuna.

Ana sarrafa gorar, a haɗe ta da gam, sannan a fere ta zuwa siffar sanda. Babban amfaninta daga nan ya fito. Ka ɗauki sandunan ash biyu masu inci 34 daga hannun masassaƙi ɗaya, da wuya nauyinsu da lanƙwasarsu su zo daidai, saboda ba bishiya ɗaya ba ce. Bambú biyu masu tsawo da siffa ɗaya kusan tagwaye ne. Wanda bai taɓa ganin sanda ta karye a minti na 50 ba zai ɗauka wannan ƙaramin abu ne. Ɗan wasa ya ruga bakin fili, an miƙo masa ta ajiya, bayan minti ɗaya aka ba shi bugun tazara daga mita 65, maki ɗaya ne tsakanin kulob biyu. In sandar da ke hannunsa ta fi wadda ya saba nauyi a kai, ƙwallon zai kauce wa turakun da ɗan taƙi, shi ke nan kakar ta ƙare. A wannan fage Bambú ta yi wa ash fintinkau, kuma wannan kaɗai ya isa mai bugun tazara ya yi tunani a kanta.

Inda ake samun saɓani shi ne yadda hannu ke jin ta. Ash mai kyau tana da taushi: ƙwallo ya sauka a tafin sanda ya zauna. Masu dogon sabo da ash sukan ji gora ta fi tauri a taɓawar farko, ƙwallo ya ɗan yi tsalle ya gudu gaba. A fili mai taɓo, inda ake ɗaga ƙwallo daga ƙasa da mutum biyu a bayanka, wannan ɗan tsallen yana sa a ƙwace. Ba aibin dindindin ba ne, sabo ne, amma yana cin makonni. Kuskure ne babba a sayi sandar ana saura kwana huɗu wasan kusa da na ƙarshe. A fara da ita tun gasar gunduma, ana buga ƙwallo a bango kullum har hannu ya san ta.

Tana karyewa. A cire zancen cewa gora ba ta mutuwa. In sanduna biyu suka haɗu da ƙarfi a bugun sama, ko aka taka ta a cunkoso, za ta tafi kamar kowace sanda. Kuma ta fi ash tsada sosai, don haka wanda zai riƙe uku, ɗaya a hannu biyu a jaka, sai ya yi lissafin yuro tun da wuri. Mai tsaron baya da aikinsa tare sanda da sanda ne ya fi kowa jin wannan a aljihu.

Wajen zaɓe, a duba abu uku. Tsawo: manya da yawa yanzu suna tsakanin inci 33 da 35, gajeriya ta fi saurin juyawa a matsatsi, doguwa ta fi kai wa nesa. Dunduniyar tafin: in ta yi siriri, bugun ƙasa daga gefen fili ba zai tashi ba, sai ya tono ciyawa. Sai robar mariƙi, wadda a ruwan Nuwamba take santsi da zarar ta goge. A sake naɗa sabuwa kwana biyu kafin wasa domin ta kama jikin sandar.

Bayan wasa a goge taɓon, a jingine ta a wuri mai sanyi da iska. Kada a kwantar da ita kusa da na'urar ɗumama ɗaki, kada kuma ta kwana jiƙe a but ɗin mota, domin zafi da laima ba sa yi wa gam daɗi.

Ga mai bugun tazara da 'yan gaba masu neman maki daga nesa, Bambú ta cancanci kuɗinta. Mai tsaron baya da ke karya sanda duk bayan wasa biyu, in yana da masassaƙin da ke ba shi ash mai kyau, ya zauna inda yake.