Muhammadu huɗu a gida ɗaya: aikin da wani mai rubuta salsala ya yi mini a Zariya

Ranar addu'ar uku ta Baffana, a gidanmu na Tudun Wadar Zariya, na ji ɗana ya tambayi wani yaro sa'ansa, "Kai ta ina ka haɗa da gidan nan?" Yaron ya yi shiru, bai san amsa ba, alhali kakanninsu uwa ɗaya uba ɗaya ne. A daren nan na ƙudurta cewa sai an rubuta salsalar gidanmu tun Goggo tana raye, domin ita kaɗai ta rage cikin 'ya'yan kakanmu, kuma ta haura tamanin.

Wani abokin aikina ne ya yi mini kwatancen wani shago a Samaru, ba nisa da babbar ƙofar Jami'ar Ahmadu Bello. Shagon buga takardu ne da hoton fasfo da ɗaure kundin ɗalibai, amma mai shi, saurayin da bai wuce talatin ba, tarihi ya karanta, sai ya haɗa da wannan sana'a a gefe. Muka yi ciniki a kan naira 60,000: zai je gida sau uku ya zauna da tsofaffi ya ɗauki muryarsu, ya duba takardun da muke da su, ya fitar da ɗan littafi, sannan ya buga babban zane na ratayewa a bango. Kuɗin mota a kaina. Ya ce mako uku.

Abin da ya fara kwantar mini da hankali shi ne gaskiyar da ya faɗa mini tun ranar farko. Na ce ko zai leƙa gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke Kaduna, ko Gidan Arewa, in ƙara masa kuɗi. Ya ce, "Baba, kada ka kashe kuɗinka a kan wannan. Akasarin abin da ke can rahotannin Razdan ne da Di'o, da maganar haraji da iyakokin gundumomi da naɗin hakimai. In gidan sarauta ne ko na alƙalai, da na ce mu je. Ma'aikacin reluwe kuwa, tarihinsa yana cikin akwatin gidanku da bakin tsofaffinku." Da wani ne da ya karɓi kuɗin ya dawo mini da labari.

Muka buɗe akwatin ƙarfen da ke ƙarƙashin gadon marigayi Baffa. Ga takardar sallamar kakanmu daga aiki, domin ya yi aiki a ƙaramin layin dogon nan da ya tashi daga Zariya zuwa Jos da Bukuru saboda kuza, wanda aka rufe a 1957. A kanta an rubuta "Momodu Zaria". Ga rasiɗan haraji, wasu "Mamman Audu", wasu "Muhammadu Abdu". Ga takardar gida, "Malam Muhammadu". Ni kuwa tun da na taso ban taɓa jin kowa ya kira kakana Muhammadu ba. Malam Rabe unguwa ta san shi, wato Rabi'u. Matansa "Malam" suke cewa, 'ya'yansa "Baba".

A nan aikin ya fara karkacewa. Bayan mako biyar ya turo mini zanen gwaji ta WhatsApp. Na ga Muhammadu ɗan Abdullahi guda ɗaya, an jera masa mata shida da 'ya'ya 19, a gefensa kuma ga wani Rabi'u an ajiye shi a matsayin ƙane, ba mata ba ɗa. Wato an raba kakana gida biyu, sannan rabin da ke ɗauke da sunan Muhammadu an cuɗa shi da yayansa Malam Salisu, aka tara iyalansu wuri ɗaya. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin da an buga wannan an rataye, nan da shekara 20 shi ne zai zama gaskiyar gidanmu, ba mai musawa.

Da na je shagon bai yi mini gardama ba. Ya juyo mini da kwamfutar ya nuna mini yadda abin ya faru. Manhajar da yake amfani da ita tana da gurbi uku: sunan farko, na tsakiya, da sunan iyali. Yaronsa da ke shigar da bayanai yana ganin takarda sai ya sa Muhammadu a farko, Abdullahi a ƙarshe, ya bar tsakiya fayau, tun da takardun ba su kawo shi ba. Na'ura ta ga mutum biyu suna ɗaya, uba ɗaya, gari ɗaya, ta ce mutum ɗaya ne, yaron ya yarda. Sunan da ya ji a muryar tsofaffi, Rabe, sai ya buɗe masa gurbi dabam.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san inda gizo ke saƙar. A wurinmu sau da yawa sunan da ke tsakiya shi ne mutumin. Malami mai son Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallama, yakan sa wa 'ya'yansa maza duka Muhammadu, sai a bambance su da lissafin Larabci: Auwalu ko Lawal, Sani, Salisu, Rabi'u, Hamisu, Sadisu, Sabi'u, Saminu, Tasi'u, Ashiru. Ko kuma a liƙa wani sunan: Bello, Inuwa, Sanusi, Kabiru, Nasiru. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu, wanda ya yi mulki daga 1817 zuwa 1837, Bello kowa ke cewa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, 1906 zuwa 1944, Dikko ne a bakin Katsinawa. Sarkin Kano Muhammadu Inuwa, wanda ya yi 'yan watanni a 1963, Inuwa ne. Haka Maccido a Sakkwato. Ga kuma Ɗan Masanin Kano, Yusuf Maitama Sule, da ya rasu a 2017: mutum nawa ne za su gane shi in ka ce Yusuf Sule? Su ma Turawan da suka tsara mana gurbi uku abin bai bar su ba. Harold Wilson da Gordon Brown, da suka yi firaministan Birtaniya, dukkansu James ne sunansu na farko, Boris Johnson kuwa Alexander. Sai dai su da wuya ka sami 'yan uwa huɗu ciki ɗaya da sunan farko iri ɗaya. Mu kuwa a gidanmu haka aka yi.

Yadda ya gyara shi ne ya sa nake rubuta wannan. Ya koma wurin Goggo karo na huɗu, wanda ba ya cikin cinikinmu, kuma bai nemi ƙari ba. Matsalar ita ce Goggo ba ta faɗin sunan mahaifinta, ba ta faɗin na mijinta, ba ta faɗin na ɗanta na fari. A zama ukun farko duk inda aka zo sunan sai ta ce "shi Malam" ko "mai gidan nan", kuma Malam Salisu ma "Malam" take ce masa. Ni da kaina na taɓa matsa mata ta faɗa, ta kawar da kai ta ce, "Kai dai ba ka da ta ido."

Shi bai matsa mata ba. Ya zauna a tabarma ƙasa da ita, ya ce, "Hajiya, ba sai kin faɗi suna ba. A cikin jikokin gidan nan, wa aka mayar wa sunan mahaifinki?" Ta ce, "Abba na gidan Shehu." Abba ƙanena ne. Aka kira shi a waya, ya ce sunan da ke katin zama ɗan ƙasa nasa Muhammad Rabi'u. "To, Hajiya, wa ya ci sunan yayan mahaifin naki, wanda yake bi?" Ta ce, "Baffa ƙarami, na Funtuwa." Shi kuma Muhammad Salisu. Da haka ya bi masu suna ɗaya bayan ɗaya, duk wani Abba da Baffa da Ummi da Mama da Walida da ke cikin dangi, yana tambayar sunan wa suka ci, yana duba takardunsu. Alkunyar da ta rufe sunayen a bakin tsofaffi ita ce ta adana su a kan jikoki. Ban taɓa tunanin wannan hanya ba, ga shi kuwa a gabana take tun ina yaro.

Daga nan ya ce tun da akwai Salisu da Rabi'u, to, lallai akwai Lawal da Sani a gabansu, ina suke? Goggo ta ce ɗaya ya rasu yana yaro, ɗaya kuma ya tafi gabas a ƙasa da niyyar hajji bai dawo ba, ana cewa ya zauna a Sudan. Ba wanda ya taɓa ba ni wannan labari. Ta kuma tuna cewa Alƙur'anin kakanta, rubutun hannu, yana wurin jikan Malam Salisu. Muka je. A cikin gafakar akwai wata takarda guda da ta yi ja don tsufa, an rubuta haihuwar 'ya'ya da ajami da Larabci. Saurayin nan ya iya karatun ajami, ya karanta mana a tsaye: Muhammadu na farko, na biyu, na uku, na huɗu, da mata uku a tsakaninsu. A nan na ga sunan yankan wata kakarmu da duk duniya ta sani da Asabe: Hauwa'u ne, wasu tsofaffi kuma Kulu suke ce mata.

Bayan wannan ya sake tsarin littafin gaba ɗaya. Kowane mutum ya sami layi huɗu: sunan yanka cikakke, sunan da aka san shi da shi, abin da ake kiransa a cikin gida, da yadda sunan ya fito a takardun hukuma, har da kuskuren rubutun. A babban zanen kuma sunan da aka san mutum da shi aka sa da manyan baƙaƙe, na yanka a ƙasa da ƙanana. A ƙarshen littafin ya yi jerin sunaye bi da bi, ta yadda in ka nemi Rabe, ko Momodu, ko Mamman Audu, duk shafi ɗaya za su kai ka. Wannan jerin, a ganina, shi kaɗai ya ci kuɗin da na biya. Ya warware mana har rikicin zamaninmu: mahaifina Usman ne, amma Shehu ake kiransa, a makaranta kuma aka rubuta shi da sunan unguwa, kamar yadda aka yi wa su Tafawa Ɓalewa da Aminu Kano da Shagari da sunan garuruwansu. Ƙanensa Abubakar, wato Garba, shi da sunan uba aka rubuta shi. Ga su ciki ɗaya, amma yau 'ya'yansu a banki da katin ɗan ƙasa ba abin da zai nuna sun haɗa jini.

Akwai inda aikin ya gaza, kuma wanda zai je ya kamata ya sani. Mako uku ya zama tara, kuma sau da yawa sai na kira kafin in ji inda aka kwana. Lokacin ɗaure kundin ɗalibai ya zo, shagon ya cika, aikina ya koma gefe. Bugun farko na littafin ya fito ba ƙugiya a kan baƙaƙe, Ɗanladi ya zama Danladi, Ɓaidu ya zama Baidu, sai da na sa aka sake. A kan kuɗin sake buga babban zanen mun ɗan ja, domin ya so in biya duka, ni kuwa na ce kuskuren farko daga shagonsa ne. A ƙarshe muka raba biyu. Ya kuma nemi ya sa hoton zanen a Facebook don talla, na ƙi, saboda akwai sunayen matan aure da yara, ya amince ba tare da ɓacin rai ba, amma da ban kasance a wurin ba ban san ko da zai tambaya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne ɓangaren mata. Tsarinsa yana bin 'ya'ya maza har jikokin jikoki, 'ya mace kuwa da an rubuta ta da sunan mijinta sai reshen ya tsaya, sai in ka ƙara kuɗi. Ita Goggo da aka ɗebi rabin littafin daga bakinta, a zanen gwaji 'ya'yanta takwas ba ko ɗaya. Na ƙara naira 15,000 aka sa su da na sauran 'yan uwanta mata. Na gaya masa, kuma ina nan a kan bakana, wannan bai kamata ya zama ƙari ba, cikin aikin yake.

Wanda zai kai masa aiki, ko ya kai wa wani mai irin sana'ar, ya tafi da duk takardar da ya samu komai tsufanta, ya fara da tsohuwar da ta fi kowa shekaru a gidan, kuma kada ya yarda a buga komai sai an karanta mata zanen gwaji da baki, suna bayan suna, ana faɗin abin da ake kiran mutum a gida. Ya kuma karɓi muryoyin da aka ɗauka a ajiye a wuri biyu. Mu namu awa biyar ne da 'yan mintuna, na ba ƙanwata kwafi ɗaya.

Bayan Babbar Salla zan sake komawa wurinsa don dangin mahaifiyata na Funtuwa, amma wannan karon da sharaɗi a rubuce: ranar gamawa, rassan mata a cikin kuɗin farko, da kuma shi da kansa zai shigar da sunaye, ba yaronsa ba. Ya kuma ce zai tambayi wasu da ya sani masu dangi a Sudan, ko za a ji ɗuriyar zuriyar Malam Sani. Na ba shi sunan duka biyu, Muhammadu da Sani, da na mahaifinsu, da unguwar da ya baro.