Aikin kafintan da ya gyara mana yoyon rufi a Mabera

Duk mai gidan kwano a Sakkwato ya san cewa zafin Afrilu da Mayu yana sa kwano ya buɗe da rana ya tsuke da dare, har ƙusoshi su yi sako-sako, sai damina ta kankama a Agusta ruwa ya sami hanyar shiga. Haka ya faru da ɗakin mahaifiyarmu, inda silin ya yi baƙin tabo kamar taswira.

Kafintan da muka kira bai yi gaggawar hawa sama ba. Ya fara shiga cikin silin da tocila, ya bi sawun danshi a jikin katako, ya nuna mana cewa ruwan yana shiga ne daga mahaɗar kwano biyu kusa da indararo, sannan ya gangaro zuwa inda muke ganin tabon. Wannan binciken shi ne abin da ya fi burge ni, domin da yawa kwalta kawai suke shafawa su karɓi kuɗi su tafi. Ya cire tsofaffin ƙusoshi ya sa masu roba a kai, ya sauya katakon da gara ta ci, ya ƙara haɗa bakin kwanon sosai. "Alhaji, kwalta ba ta jure ranar garin nan, tsagewa take yi," in ji shi.

Inda ya gaza shi ne cika alkawarin lokaci, kuma ya bar guntayen kwano da ƙusoshi a tsakar gida inda yara ke wasa. Kuɗinsa ya ɗan fi na sauran, amma an yi ruwa mai ƙarfi bayan aikin, ɗakin bai ɗiga ba.