Wasiƙa daga Ingila zuwa Samaru: inji da giyar motar rimot

Ƙanena, ina gaisuwa. Ka gaishe min da Baba da Inna, da abokanka da kuke haɗuwa kuna tuƙa motocin nan na rimot da yamma. Na ga saƙonka cewa in sayo maka inji mafi gudu da ƙaramar giya mafi yawan haƙora, kana son ka haura mil 100 a awa. Zan sayo, amma ka fara jin abin da na gani a nan, don kada kuɗinka ya tafi a hayaƙi.

Maganar samun kaya, babu haɗi da gida. Ranar Talata da dare na yi odar ƙananan giya guda uku ta intanet, Laraba da rana suna cikin akwatin ƙofata. Abin da ka saya ta intanet, doka ta ba ka kwana 14 ka fasa, a mayar maka da kuɗinka. Akwai shago guda da nake zuwa, bango guda giyoyi ne zalla a rataye cikin 'yan ledoji, kowace an rubuta yawan haƙoranta da girmansu. Na tuna yadda muka karaɗe kasuwar Sabon Gari da PZ muna neman giya ɗaya tak, muka dawo hannu rabbana.

To ga inda gida ya fi su: gyara. A watan jiya injina ya ƙone. Na ƙara haƙora shida a lokaci guda, na yi gudu uku a jere ban bari ya huce ba. A na ukun motar ta yi sanyi a tsakiyar titi, na ɗaga murfin sai warin koyil da ya soyu. Na kai wani shago, mai shagon ya juya shi a hannu, ya shinshina, ya ce in jefar in sayi sabo. Ko buɗewa bai yi ba, kuma ban zarge shi ba, don kuɗin aikin awa ɗaya a nan ya kusa kuɗin injin. Da a Zariya ne, mai naɗin koyil ɗin fanka da janareto zai kwance shi, ya ƙirga zagayen wayar, ya gaya maka ko zai tashi ko ba zai tashi ba. Mai gyaran rediyo kuma zai like maka wayar batir da dalma kana tsaye. Wallahi wannan hannun ina kewarsa, kuma ku riƙe mutanen nan da daraja.

Yanzu batun inji. Yawancin masu wannan harka injin lantarki marar burushi suke amfani da shi, kuma a jikinsa za ka ga lamba da KV. Ma'anarta yawan juyawar da yake yi a minti kan kowane volt guda, in ba a ɗora masa nauyi ba. Batirin LiPo kowane sel ɗinsa volt 3.7 ne, don haka mai sel shida, wato 6S, volt 22.2 ke nan. Inji mai KV 2050 a kansa zai juya kusan sau 45,500 a minti. Mai KV 1650 kuwa a kan 8S, volt 29.6, zai haura 48,000. Ka ga ƙaramar lamba ta ba da juyi fiye da babbar, kuma wutar da yake zuƙa ba ta kai ta wancan ba, shi ya sa bai cika zafi ba. Wannan ne ya sa ban yarda da neman KV mafi girma da kake yi ba. Traxxas XO-1 da kamfanin ya ce tana haura mil 100, injinta KV 1650 ne. Sai dai ka duba ESC ɗinka, akwatin da ke sarrafa wutar, don wanda aka yi wa 6S in ka ba shi 8S nan take zai mutu.

Giya biyu ce ke magana: ƙarama a bakin injin, babba wadda take turawa. Ka ƙara wa ƙaramar haƙora ko ka rage na babbar, gudu zai ƙaru, amma nauyin kan injin ma zai ƙaru, kamar mai keke da ya sa giya mai tauri yana hawan gadar Kwangila. Iska kuma ba ta sassauci: in kana son ninka gudu sau biyu, ƙarfin da za ka kashe wajen keta iska sai ya ninka sau takwas. Saboda haka daga mil 60 zuwa 80 abu ne mai sauƙi, daga 90 zuwa 100 kuwa sai an yi gumi. Nic Case, Ba'amurken da ya kai mil 202 a 2014, shekaru ya ɗauka yana gina motoci kafin ya kai can.

Abin da ya fi damuna shi ne ka kwafi giyar da Turawa ke nunawa a YouTube. Su suna gudu cikin sanyin da mutum ke sa rigar ɗumi. Kai a watan Afrilu kwaltar Zariya ko takalmi tana ji. Giyar da ta zauna lafiya a nan, can za ta dafa maka inji. Ka fara da ƙaramar giya mai ƙarancin haƙora, ka yi gudu ɗaya, ka auna zafin injin da bindigar nan ta auna zafi mai kama da ta lokacin korona. In bai kai digiri 70 ba, ka ƙara haƙora biyu, biyu kawai. In ya doshi 80, ka koma baya, don zafi yana kashe ƙarfin maganaɗisun da ke ciki, kuma ba ya dawowa. Wajen haɗa giyoyin, ka sa 'yar tsinken takarda tsakaninsu ka matse, ka ɗaure, sannan ka zare takardar. Haƙoran su zama iri ɗaya. Mod 1 da 32P, wato ma'aunan girman haƙora, suna kama a ido amma ba ɗaya ba ne, za su cinye juna. Lokacin hunturu kuma ka riƙa goge ƙura bayan kowane gudu.

Wurin gudu ma su ke da shi. Akwai ƙungiya mai suna ROSSA da ke shirya taro a filin jirgin Llanbedr a Wales, titi santsi har ƙarshen gani. Ni dai unguwar masana'antu nake zuwa ranar Lahadi da safe. Kai kada ka kuskura ka hau titin Sokoto da wannan mota. Abu mai kilo biyar a gudun mil 90 yana karya ƙafar yaro ko ya kayar da ɗan acaɓa. Ku nemi miƙaƙƙen titi marar rami, bayan asuba, ku sa mutum a kowane ƙarshe.

In na tashi zuwa da babbar sallah in sha Allahu zan taho da inji mai KV 1650, giyoyi huɗu, tayoyi masu ɗamara a ciki da ba sa kumbura, da 'yar na'urar GPS ta auna gudu. Batir kuwa 3S biyu zan ɗauko a jakar hannu mu haɗa su, saboda wutar da 6S mai mAh 5000 ke ɗauka ta haura ma'aunin Wh 100, shiga jirgi da shi sai da izinin kamfanin jirgi. Ka ƙirga min haƙoran babbar giyarka, ka auna kaurin sandar injinka ko milimita 5 ce ko 8, ka turo min kafin Juma'a.