Haro, garmar shanu ko ƙaramar tarakta: wanne ne maganin ciyawar gonarka?

Kafin ka kai kuɗinka kasuwar Gombe ko ta Kumo, shiga gonar ka tumɓuke ciyawar da ta fi damunka, ka dubi saiwarta. Ita za ta gaya maka abin saye.

Idan ƙarangiya ce da harkiya, masu fitowa daga iri, haro, wato faya-fayan ƙarfe da tarakta ke ja suna farfasa ƙasa, ya wadatar, kuma ga mai kadada biyu ko uku haya ta fi saye. A bi gonar sama-sama bayan ruwan farko, a farfasa tushiyar dawa, a bar ta kwana 10 zuwa 14 ciyawa ta tsiro, sannan a sake bi tun tana ƙarama, kafin shuka. Illarsa layi: ranar da kake neman tarakta, ranar kowa ke nemanta.

Tofa da kiri-kiri kuwa, kul ka sa musu haro! Faifansa daddatsa saiwar yake yi, kowane guntu ya zama sabon tsiro. Na gani a gonar wana a Akko: tofar da ke lungu ɗaya, shekara na zagayowa ta kai tsakiyar masara. Irin waɗannan garma mai kifar da ƙasa suke so, da kaka, kafin ƙasa ta ƙeƙashe, saiwar ta fito fara sol ta sha rana da hunturu, a tattara a ƙone.

Ni dai a jigawa irin ta Dukku garmar shanu nake ba wa ƙuri'a. Tana huɗa, kuma bayan shuka ta tashi tana shiga tsakanin kunya ta binne ciyawa, abin da haro ba zai yi ba. Ga taki, ga maƙerin gari na iya gyara ta. Ka duba kaurin bakinta, ka girgiza hannun ka ji ko yana lilo, ka kuma lissafa harawar da shanun za su ci da rani. A baƙar laka shanu na saurin galabaita.

Ƙaramar tarakta ta hannu ta masu shinkafa ce a fadamun Dadin Kowa. Kar ka biya sai ka ga shagon da ke sayar da kayan gyaranta.

Ƙuduji kam, ciyawar nan mai maƙale wa saiwar dawa da masara, ba ƙarfen da ke kashe shi, don irinsa na kwana a ƙasa fiye da shekara 10. Cire shi kafin ya yi fure, ka sauya shukar gonar zuwa waken suya ko auduga, kuma duk garmar da ta fito daga gona mai ƙuduji a kankare mata ƙasa kafin ta shiga taka.